Muzuruna ya yi ƙiba sosai, in hana shi abinci ne?

Tambaya: Salam likita, muzuruna shekararsa 5, an yi masa fiɗiya, yanzu ya kai kilo 7, ko katanga ba ya iya hawa sai kwanciya kawai. Tuwo da shinkafa da madara muke ba shi. Wata ta ce in bar shi da yunwa kwana uku zai zube, haka ne?

Amsa: Wa alaikis salam Hajiya. Don Allah kar ki yi wannan, shawarar nan tana kashe mage. Mage mai ƙiba in ta yi kwana 2 zuwa 3 ba ta ci ba sai kitsen jikinta ya taru ya cika hanta, hantar ta kasa aiki, ki ga ido da dasashi sun yi rawaya ga amai, kuma jinyar akwai wuya sosai.

Yawancin magen gida kilo 4 zuwa 5 ne, to lallai 7 ya yi yawa, ga haɗarin ciwon suga da ciwon gaɓoɓi. Ki shafa gefen ƙirjinsa, in sai kin danna sannan ki ji haƙarƙari to kitse ne, amma in ciki ne kaɗai ya kumbura baya kuma a rame, wannan zai iya zama tsutsa ko ruwa, ki kai shi asibitin dabbobi tukuna.

Asalin matsalar abincin ne, mage nama take ci, tuwo da shinkafa ba nata ba ne, kuma wanda aka fiɗiye ba ya ƙona abinci kamar da. Madarar ma ki cire, da yawansu zawo take sa su. Ki koma ba shi abincin mage na gwangwani, ki ɗan haɗa da dafaffen kifi ko kaza ba ƙashi, ba mai ba gishiri, sau 3 ko 4 a rana da awo, a daina barin kwano cike yini guda, kuma ki ja wa yara kunne don su ne ke miƙa masa loma a ɓoye. Miyar da ke da albasa ko tafarnuwa kar ya lasa, suna lalata masa jini, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe shi.

Ramewar a hankali ake so, kamar giram 70 a sati. Don sanin nauyinsa, ki hau sikeli da shi a hannu, ki sake hawa ke kaɗai, ki cire nauyinki daga na farkon. Ki ɗaura gashin kaza a zare ki riƙa ja masa yana bi don ya motsa jiki, minti 10 safe da yamma. In kin ga yana yawan shan ruwa da fitsari, a gwada masa suga cikin satin nan.