Katun ko wasan kwamfuta, wanne za ka karanta a jami'a?

Ɗan'uwa, ka ce kana son karanta haɗa fim ɗin katun da wasannin kwamfuta a jami'a, kana tambayar kwas ɗin da ya dace. To, fannoni biyu ne, ko da yake suna cuɗanya.

Katun aikin mai zane ne. Sai ka san surar jikin mutum, da yadda nauyi ke komawa daga ƙafa zuwa ƙafa in ana tafiya, da haske da inuwa. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ka ga kuwa aikin ba na mai gajen haƙuri ba ne. Shi kuma wasa, rabinsa lissafi ne da rubuta manhaja. Unity, manhajar haɗa wasa, na amfani da yaren rubuta manhaja mai suna C#, takwararta Unreal kuma C++. Wanda ke gudun lissafi zai sha wuya a nan, ba ruwan malami da iya buga wasanka.

A waje akwai digiri na musamman. Jami'ar Abertay da ke Dundee a Sikotilan ta buɗe nata na wasannin kwamfuta tun 1997, makarantar Gobelins ta Faris kuma ta yi suna a katun, amma kuɗin ba wasa ba. A gida, in wasa kake so ka nemi kimiyyar kwamfuta, in zane ne Jami'ar Ahmadu Bello Zariya na da sashen zane-zane mai daɗaɗɗen tarihi.

Kafin ka cike fom, sauke manhajar Blender ta haɗa katun da Godot ta haɗa wasa, kyauta ne. Haɗa ɗan ƙaramin abu ka gama shi, domin masu ɗaukar aiki aikin hannunka suke fara dubawa kafin takarda. Sai dai ka tanadi kwamfuta mai ƙarfi da maganin ɗaukewar wuta.