Akwatunan Stanley Kubrick: me ke cikinsu?

Tambaya: Salam malam, ni ɗalibi ne ina karantar harkar fim, wani malaminmu ya ce wai akwai wata jami'a a Ingila da ta ajiye takardun darakta Stanley Kubrick kaf. To ni abin da ban gane ba, tunda fina-finansa suna nan kowa na iya kalla, meye amfanin tara tsoffin takardu? Kuma me ke ciki ma?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Malaminku gaskiya ya faɗa. Kubrick dai haifaffen New York ne a 1928, amma a Ingila ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a watan Maris na 1999 a gidansa na Childwickbury. Mutum ne da baya yar da takarda, wasiƙa ce, rasit ne, hoto ne, komai sai an sa a kwali an rubuta suna an jera, har ya zamana da ya rasu iyalinsa suka tarar da akwatuna wajen dubu. A 2007 suka ba jami'ar University of the Arts London, kuma yanzu suna can a unguwar Elephant and Castle a Landan.

Kai akwatunan ma kansu labari ne. Kwalayen kasuwa basu yi masa ba, sai ya sa wani kamfani ya ƙera masa nasa na musamman, da sharaɗin kar murfin ya matse kar kuma ya yi sako-sako. Wanda zai tsaya kan murfin kwali haka ai ka san me zai yi wa fim.

Yanzu maganar amfani. Fim ɗin da kake kallo abin da ya rage ne bayan an zaɓa an zubar, takardun su ne ke nuna maka yadda aka yi zaɓin. Za ka ga rubutun labari kala-kala na fim ɗaya, ya ja layi ya soke, ya yi rubutu da biro a gefe, ga wasiƙunsa da marubuta da kamfanonin da ke zuba kuɗi, ga lissafin kasafi, ga zanen kayan sawa. Lokacin da yake shirin fim ɗinsa na ƙarshe Eyes Wide Shut ya tura mai hoto ya bi titunan Landan yana ɗaukar ƙofofi da shaguna, dubban hotuna, don kawai ya zauna a gida ya zaɓi irin wadda yake so.

Amma ni a wajena babban abin da ke ciki shi ne fim ɗin da bai taɓa yi ba, wato na Napoleon, tsohon sarkin Faransa. A ƙarshen shekarun 1960 ya duƙufa kan tarihin mutumin nan, ya sa aka haɗa masa wata durowa cike da ƙananan katuttuka kusan 25,000, kowane da kwanan wata, ka zaro ɗaya ka ga ina Napoleon yake a ranar, me yake yi, da wa yake tare. An ɗauko hotunan wuraren da za a yi aikin, an ma yi magana da ƙasar Romaniya za ta ba da aron sojoji dubbai don fagen yaƙi. Sai masu kuɗi suka janye, ga shi wani fim kan yaƙin Waterloo, inda aka ci Napoleon da yaƙi, ya fito a 1970 bai kawo kuɗi ba, shikenan magana ta mutu. To wannan aikin ba inda za ka kalle shi, in ba a takardun nan ba babu shi. Haka Aryan Papers, fim kan kisan Yahudawa a yaƙin duniya na biyu da ya yi nisa da shirinsa ya ajiye a shekarun 1990.

Sai dai fa ka yi hattara, kar ka ɗauka duk abin da ya faru yana cikin kwali. Shi da kansa ya sa aka lalata yawancin ɓangarorin fim da ya yanke bai yi amfani da su ba, don baya son wani ya zo bayansa ya sake haɗa masa aiki. Kenan abin da ka tarar shi ne abin da ya yarda ya bari, sannan iyalinsa suka yarda su bayar. Hotunan da ya ɗauka yana matashi a mujallar Look ma yawancinsu suna Amurka ne, ba a Landan ba.

In Allah Ya kai ka Landan, ba sai kai ɗalibinsu ne ba, amma ba a faɗawa kai tsaye, sai ka rubuta musu sun ba ka rana. Kafin nan ka shiga kundin jerin kayan a intanet ka fitar da lambar akwatin da kake so, don in ka je ka ce a kawo maka "takardun Kubrick" ba su san ta inda za su fara ba. Kuma karantawa daban, bugawa a littafinka daban, wannan sai ka nemi izinin masu haƙƙin mallaka.