Nono Ɗaya Ya Rage Mini, Rigata Na Karkacewa

Tambaya: Anti, wata huɗu ke nan da cire mini nonon hagu saboda ciwon daji, kuma na ƙi a yi mini aikin gyara, na gaji da wuƙa. Yanzu kafaɗata na ciwo, audugar da nake cusawa a rigar mama kuma sai ta haye sama. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, sannu da jiki. Auduga ba ta da nauyi, dole ta yi yawo. Ki nemi nonon roba na silikon da rigar mama mai aljihu a ciki. Akan fara sa shi mako 6 zuwa 8 bayan aiki, in miki ya warke, kin ga ke lokacinki ya yi. Nauyinsa na daidaita ɓangarorin biyu, wataƙila kafaɗar ta samu sauƙi, amma kada ki bar motsa hannun da aka koya miki. Wasu matan ba sa sa komai, ni ban ga laifinsu ba.

Abin da ba na so ki yi wasa da shi: in an cire ƙululun hammata, hannun na iya kumbura ko bayan shekaru. Da kin ji zobe ya matse, ki ga likita. Nonon daman kuma a ci gaba da yi masa hoton binciken daji a asibiti.