Amsa: Bokolo da Gudali saniya ɗaya ce?

Malam, ka tambaya ko Bokolo da Gudali abu ɗaya ne, tunda za ka aika a sayo maka karsana. A Sakkwato ɗaya ne. Bokoloji ita ce Gudalin Sakkwato: fara ko ruwan toka, ƙaho gajere ƙwarai, wata ma kamar ba ta da shi, ga fatar wuya mai zubowa. Amma in ka ce Gudali a kasuwar Mubi, ta Adamawa za a nuna maka, wadda yawanci ja ce ko mai dabbare-dabbaren ja da fari, ƙahonta kuma ya fi na Bokolo tsawo. Nan ake samun rigima da dillali.

Farar Fulani ita ce Bunaji, wasu makiyaya su ce Yakanaji, a Kamaru Aku. Ja mai dogon ƙaho Rahaji ce a Najeriya, a Nijar Bororo.

Don Allah kada ka aika da suna kaɗai. Faɗi launi, tsawon ƙaho da girman tozo, sannan a buɗe baki a ƙirga manyan haƙoran gaba: biyu na nufin ta kai wajen shekara 2 ko ta ɗan haura. A turo maka hoto kafin ka biya.