Tambaya da Amsa: Anti, karanta irin waɗannan littattafan zai rage min zafin abun da nake gani?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni nas ce, shekarata ɗaya da wata huɗu ina aiki a wani asibiti a Ingila. Satin da ya wuce ina aikin dare naje zan auna jinin wani dattijo, kafin ma in taɓa shi ya janye hannunsa yace shi baya so baƙa ta taɓa shi a kira masa wata, wlh Anti na fita na shiga banɗaki nayi kuka na wanke fuska na dawo naci gaba da aiki kamar ba komai. Wata abokiyar aikina 'yar Ghana tace in dinga karanta littattafan baƙaƙen da suka sha wariyar launin fata suka tsallake, wai ita suna ƙara mata ƙarfi. Da na faɗawa Umma a waya tace in bar wannan in riƙe addu'a kawai. Ni kuma tsoro nake kar in karanta raina ya ƙara ɓaci in tsani mutanen gaba ɗaya. Dan Allah me kike gani, kuma da wanne zan fara?
'Yarki daga ƙasar sanyi

Wa alaikumus salam 'yata, sannu, Allah ya sanyaya miki. Umma tayi gaskiya ki riƙe addu'a, 'yar Ghanar ma tayi gaskiya, ba kishiyoyi bane ai da za'a ce sai ɗaya ta fita.

Tunda ke nas ce ga wadda nake so ki fara da ita, Mary Seacole. 'Yar Jamaika ce an haife ta a Kingston a 1805, babanta sojan Sikotlan ne mamanta kuma baƙa mai maganin gargajiya, a hannun uwar ta koyi jinya. Tayi fama da masu kwalara a Jamaika da Panama, toh da yaƙin Kirimiya ya ɓarke taje Landan a 1854 tace a tura ta jinyar sojoji, ofishin yaƙi suka ƙi, taje wajen matan da ke ɗaukar ma'aikata wa tawagar Florence Nightingale, baturiyar da ta jagoranci nas-nas zuwa jinyar sojojin yaƙin, nan ma aka ce ba gurbi. A littafinta Wonderful Adventures of Mrs Seacole in Many Lands da ya fito a 1857 ta bada labarin yanda ta tsaya a titi da yamma hawaye na zuba tana tambayar kanta anya ba fatarta bace tasa matan nan suka guje ta, daga nan tayi addu'a. Kinga kukan banɗakin nan naki wata ta riga ki da shekara 170, a ƙasar da kike kuma a kan sana'arki. Abun da tayi bayan kukan shine ta biya kuɗin jirgi da kanta ta tafi, ita da wani abokin kasuwancinta suka kafa wajen saida abinci da kaya kusa da garin Balakalaba a can Kirimiya, tana fita da jakar magani tana duba sojoji har suka koma kiranta Mama Seacole. Yanzu haka akwai mutum-mutuminta a harabar asibitin St Thomas a Landan tun 2016, ranar da kike hutu ki hau jirgin ƙasa kije ki gani.

Wajen da yafi burge ni a littafin ma ba yaƙin bane. A Panama ne wajen wata walima, wani Ba'amurke ya miƙe zai yabe ta saboda jinyar da ta musu, sai cewa yayi abun takaicin kawai ba fara bace, da akwai yanda zasu yi su wanke ta tayi fari da sunyi. Wai yabo kenan fa! Ta miƙe ta amsa masa a gaban kowa, tace ko da tafi haka baƙi da farin cikinta da amfaninta basu ragu ba, batun wankin kuma ko da zai yiwu bata so kuma ba godiya. Ni da na karanta wajen nan sai da na aje littafin na tuna layin masu saida man bilicin a kasuwanninmu, mu ba wanda ya mana tayi ma da kuɗinmu muke siya. Amma kar ki ɗauke ta waliyyiya, 'yar kasuwa ce har giya tana saida wa hafsoshi, kuma akwai wuraren da zakiji ita kanta tana ɗan taƙama da cewa ita ba baƙa wuluk bace. Ni hakan ma yasa na yarda da ita. Littafin tsoho ne kyauta zaki same shi a intanet, turancin ne dai na mutanen da, sai kin ɗan daure.

Batun tsoron kar ki tsani mutane, gsky tsoron naki yana kan hanya, kuma maganinsa kar ki aje littafi a tsakiya. Misali tarihin Malcolm X, baƙin Ba'amurke mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe, wanda Alex Haley ya taya shi rubutawa ya fito a 1965, in kika tsaya a rabi zaki tashi da wuta a ƙirji, dan akwai wajen da yana yaro ya faɗawa malaminsa bature yana so ya zama lauya malamin yace wannan ba na baƙi bane ya nemi kafinta, sannan shekarun da ya shafe yana wa'azin cewa farar fata shaiɗanu ne. Amma a ciki ne zakiga yana kurkuku ya ɗauki ƙamus yana kwafe shi da hannu shafi bayan shafi har ya iya karatu sosai, kuma can gaba yaje Hajji a 1964 yaci abinci kwano ɗaya da musulmi masu shuɗin ido ya dawo ya janye waccan maganar a bainar jama'a. A tafiyar nan har Najeriya yazo yayi lacca a jami'ar Ibadan ɗalibai suka sa masa suna Omowale. Wannan Umma ma in kika bata labarinsa zata so shi.

Na Mandela, Long Walk to Freedom, yana da kyau amma kauri gare shi, mai aikin dare bazata gama shi da wuri ba, ki bari sai kin samu hutu. Waɗanda bana so miki sune masu bango mai ƙyalli da ke cewa komai a tunaninki yake, ki yi murmushi duniya ta canza. Dattijon nan ba tunaninki bane ya janye masa hannu.

Sai magana ta ƙarshe wadda tafi min duka muhimmanci, kin ce kin wanke fuska kin dawo kamar ba komai, toh wa kika faɗawa? Ingila akwai dokar daidaito ta 2010 da ta hana nuna wariya saboda launi a wajen aiki, kuma asibitocinsu suna da tsarin shigar da rahoton irin wannan. Ki samu ɗan littafi ƙarami ki rubuta ranar da lokacin da ɗakin da abun da ya faɗa kalma da kalma da wanda ke wajen, ki tura wa shugabar sashenku ta imel ba da baki ba dan ya zama akwai shaida, in kina cikin ƙungiyar ma'aikatan jinya ki sanar da wakilinku, in baki shiga ba ki shiga wannan watan. In dattijon ruɗewar tsufa ke damunsa su zasu duba wannan, ke dai naki ki rubuta.

Ki fara da Seacole, shafi biyar ko goma a bas kan hanyar dawowa ya isa, in kin kai wajen walimar Panama ki rubuto min inji me kika ce. Ki gaida Umma da 'yar Ghana.