Kawunnaina sun ce a tsayar da gashin da ake yi wa mahaifiyata

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata na fama da sankarar bakin mahaifa. An rubuta mata gashi da hasken na'ura (radiotherapy) sau 25, an yi 12. Yanzu ga gudawa, ga zafin fitsari, fatar mararta ta yi baƙi. Kawunnaina sun ce wutar asibiti ce ke cinye ta, daji kuma ba ya son ƙarfe, a mayar da ita gida ta huta wata guda a gwada na gargajiya. Matan gida sun hana jikoki zuwa kusa da ita, har kwanonta an ware. Ni ce ke jinyarta amma maganata ba ta da nauyi. Me zan yi? Daga Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, ke kuma Ya saka miki.

Maganar kwano mai sauƙi ce. Hasken da na'ura ke aikawa ba ya zama a jiki, da an kashe ta shi ke nan. Ko gashin ciki da za a yi mata daga baya, wanda ake sa abin da ke fitar da hasken a cikin jiki, ana zare abin kafin ta bar ɗakin. Sankara kuma ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa. A mayar mata da jikokinta yau, su ci tare.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne hutun nan na wata guda. 'Yar'uwa, kada ki yarda. Gashin sankarar bakin mahaifa da lissafi ake yin sa: Litinin zuwa Juma'a har mako biyar, sannan gashin ciki, ana so a kammala duka cikin mako takwas, kwana 56. Kowace rana ana kashe wani kaso na ƙwayoyin cutar, naman lafiya kuma ya farfaɗo kafin gobe. Waɗanda ba su mutu ba, da sun sami sarari sai su hau hayayyafa, har da saurin da ya fi na farko. Kamar manomin da ya nome rabin gona a tsakiyar damina ya tafi hutu ne. Bincike ya nuna kowace rana da aka ƙara bayan wa'adin nan tana rage damar shawo kan cutar da kusan rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100. Ki lissafa kwana 30. Kuma gashin da aka riga aka yi ba ya gogewa: hanji da mafitsara suna da iyakar abin da za su ɗauka, don haka ba yadda za a yi mu ce a sake daga farko.

Kullum sai na ga wannan. A ɗauke mara lafiya a tsakiyar magani, a kai ta wurin mai lasifika a kan mota, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin daji da basir da shawara. A sayar da akuya, a sayar da gona. Bayan wata huɗu a dawo da ita a kwance, ƙafa ta kumbura, fitsari ya tsaya, sannan a ce asibiti ne ya kashe ta. Mai kwalbar kuwa ya daɗe da komawa wata kasuwa. Wannan magana ta "daji ba ya son ƙarfe" ta jawo mana asarar mata da yawa. Daga ina ta samo asali? Mutane ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allurar ƙarshe. In kuma ana yi wa Hajiya ƙarin ruwan maganin daji mai suna cisplatin kowane mako, haɗa shi da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ga gudawa, hanya ce ta lalata ƙoda. Addu'a da tofi a ci gaba da su, ba su hana komai. Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani.

Gudawa da zafin fitsari da baƙin fata a mako na uku abubuwa ne da muka saba gani, kuma suna da magani. Ki faɗa wa likitanta gobe. Ta yawaita shan ruwa da ORS, ta rage yaji da maiƙo. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a dirje, kada a gasa da ruwan zafi, ban da man zafi ko garin magani, kuma a bar alamun da aka zana mata a fata. In zazzaɓi ya zo, ko jini mai yawa, ko ta kasa riƙe ruwa a ciki, a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Kawunnanki tsoro ne ya kama su, kada ki yi musu da su a tsakar gida. Ki roƙi babbansu ya raka ku ranar ganin likita, ya ji da kunnensa. Sannan a raba aiki. Samarin gida su je a gwada jininsu su bayar, domin gashi ya fi kama cutar in jinin mara lafiya bai yi ƙasa ba. Wani ya ɗauki kuɗin mota, wata ta karɓe ki kwana biyu a mako ki yi barci. Ki kuma leƙa ofishin jin daɗin marasa lafiya ki tambayi Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji na gwamnatin tarayya, sankarar bakin mahaifa na cikin waɗanda yake ɗauka, sai dai takardunsa na jan lokaci, ki fara tun yanzu. In na'ura ta lalace, kada ku koma gida jiran kira: ku nemi a rubuta muku adadin gashin da aka yi, a tura ku wata cibiyar, ko Shika ta Zariya ko Abuja ko Sakkwato, duk inda na'ura ke aiki a makon.