Tambaya da Amsa: Tunda aka fara neman jami'a diyata ta daina barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Diyata ce, shekararta 17, bana ta gama sakandare kuma tun tana karama likitanci take so, toh tunda aka fara maganar cike fom da jarabawar shiga jami'a yarinyar nan ta canza min gaba daya, bata barci, sai in leka dakinta wajen biyun dare in tarar da littafi a bude amma waya ce a hannunta tana ta duba shafin makarantar ko sunaye sun fito, abinci kuwa sai nayi da gaske, abu kadan ta fashe da kuka ko ta hau kannenta da fada. Shekaranjiya tambayarta kawai nayi ko akwai labari tace min Mama dan Allah ki kyale ni, ta shige daki. Babanta yace shagwaba ce kuma wai ni na bata ta. Kawayenta biyu sun samu har sun sa a status. Wallahi na rasa ko matsa mata zanyi ko kyale ta. Daga wata uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam yar'uwa, Allah ya kawo sauki. Bari in fara da maganar Baban nata, wannan ba shagwaba bace. Mai shagwaba a gaban mutane take yi don a lallashe ta, ita kuwa taki ita kadai take zaune da biyun dare ba mai ganinta.

Kinga jarabawar aji daban take, ka karanta ka rubuta sati biyu a baka sakamako. Neman gurbin jami'a kuwa yaro ya gama nashi, hukuncin ya koma hannun mutanen da bai taba gani ba, ba a fada masa ranar da za a yanke ba, sannan kowa ya zuba masa ido tun daga malamansa har kawun da rabonsa da gidan tun suna. Sannan bangaren gaban kwakwalwa, wanda shi ke cewa mutum tsaya tukuna ko wannan bai yiwu ba akwai wata hanya, baya gama girma sai wajen shekara 25, alhali bangaren tsoro da jin kunya tuni yake aiki da karfinsa. Shi yasa ke kina ganin in an rasa ai shekara daya ce a sake nema, ita kuwa har ga Allah gani take rayuwarta ce ta kare. Kuma abin ya game duniya, a kasar Sin a 2024 dalibai sama da miliyan 13 ne suka yi rajistar gaokao, wato jarabawarsu ta shiga jami'a, a Koriya ta Kudu kuwa ranar jarabawarsu a watan Nuwamba har jiragen sama ake hana tashi da sauka na wajen rabin awa lokacin da yara ke sauraron bangaren Turanci. Hukumar Lafiya ta Duniya tace cikin duk yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, daya na fama da wata matsala ta lafiyar kwakwalwa, kuma fargaba da ciwon damuwa suna gaba-gaba.

Abu na farko, ki daina tambayarta ko akwai labari. Nasan da kyakkyawar niyya kike yi, amma abinda kunnenta ke ji shine kin ci ko kin fadi, kuma kullum sai ta sake baki amsar da bata da ita. Ku ware lokaci guda a sati, ita ta zabi ranar, a nan za ayi maganar fom da takardu da ranakun rufewa, in an tashi an tashi. Sauran kwanakin ku yi hirar komai banda jami'a, ki aike ta, ki ja ta fita, ki tsokane ta, ta tuna cewa ita diyar gidan ce ba lambar jarabawa ba. In yan uwa sun bugo suna tambaya ke zaki tare, kice in an samu labari zamu sanar daku, kar ki mika mata wayar.

Akwai kuma maganar da nake so ki fada mata da bakinki tun kafin sakamako ya fito, ba bayan ya fito ba, don in ya riga ya fito duk abinda kika ce lallashi zata dauke shi. Ki zauna kusa da ita kice ko kin samu ko baki samu ba babu abinda zai canza tsakanina dake, kuma in ba a samu ba ga abinda zamu yi, ga kos na biyu da na uku, ga wata makarantar, ga sake nema badi. Iyaye da yawa na tsoron wannan maganar wai kar a karya wa yaro gwiwa, ni kuwa inaga akasin haka ne, yaron da yasan akwai inda zai fada in ya zame shi ne hankalinsa ke kwanciya har yayi karatun. In Babanta zai fadi irin wannan kalmar ko da a takaice ne, tasa ma sai tafi taki shiga tunda shi take ganin bai gamsu ba.

Barci kuma kar ki raina shi. Likitocin barci sun ce dan shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barcin ne kwakwalwa ke adana abinda aka karanta da rana, wato karatun biyun daren nan asara ce biyu. Amma fa kar kice dole ta kwanta karfe tara, da balaga agogon jiki yana ja baya, sinadarin melatonin mai kawo barci baya zuwa da wuri kamar na yaro karami. Wayar ce matsalar. A bar ta a falo da daddare, har taki, don kar ta ga kamar hukunci ne, shafin makaranta kuma a duba sau daya da rana ya isa, sunaye basa gudu.

Yanzu inda nake so ki bude kunne sosai. Fargabar jiran sakamako tana hawa tana sauka, yau kuka gobe dariya da kawaye. In kuwa aka yi sati biyu cur kullum tana cikin kunci, abubuwan da take so duk sun fita ranta, tana ramewa, ta daina kula kawaye, toh ya wuce tenshin na jarabawa, a kai ta asibiti a ga likita, kuma ki sani a matasa ciwon damuwa sau da yawa da fushi da saurin hasala yake fitowa ba da hawaye ba. In kika ji tana cewa bata da amfani, ko ta zame muku nauyi, ko gara ace babu ita, ko kika ga yanka a hannunta, kar ki jira sati biyun. Ki tambayeta kai tsaye cikin natsuwa ko tana tunanin kashe kanta, tambayar bata saka wa yaro tunanin a rai, wannan an bincika an tabbatar, sai ma ta bashi kofar magana. Ki kawar da magunguna da maganin kwari daga inda hannunta zai kai, kar a barta ita kadai, a ga likita a ranar.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Dana ya nemi injiniyanci a babbar jami'ar da na dade ina masa buri bai samu ba, wata karama ta dauke shi. Kwana hudu kenan yana daki baya fitowa sai cin abinci. Na kashe kudi sosai a lesin dinsa, ni dai ra'ayina ya zauna ya sake rubutawa badi, uwarsa tace in bar shi ya huta. Tsorona in na sassauta ya saba da faduwa. Wani uba.

AMSA: Alhaji na gode da ka rubuto, ba kasafai iyaye maza ke yi ba. Na lura kace jami'ar da ka dade kana masa buri, toh akwai yiwuwar bakin cikin nan kashi biyu ne a kansa, nasa da kuma naka da yake dauke dashi, kuma yasan kudin lesin din sarai ko baka ambata ba, dan Allah kar ka ambata.

Kwana hudu a daki bayan irin wannan labari ba abin tashin hankali bane tunda yana fitowa yana ci. Ka kwankwasa ka shiga ka zauna, ba sai kayi wa'azi ba, kace masa nasan abin yayi maka zafi, nima yayi min, amma ban ji kunyarka ba. Shawarar me za ayi a bari sai an kwana biyu.

Kuma ni ban kira wannan faduwa ba, yaron da wata jami'a ta dauka. Manyan makarantu gurbinsu ne kadan, jami'ar Harvard ta Amurka a shekarun nan wajen mutum 4 kacal cikin 100 na masu nema take dauka, cikin wadanda take mayarwa akwai dubbai masu makin da ba abinda za a nuna musu. Wasu masana tattalin arziki a Amurka, Stacy Dale da Alan Krueger, sun fitar da bincike a 2002 inda suka bi daliban da kokarinsu ya zo daya, wasu suka shiga manyan jami'o'i wasu suka tafi wadanda basu kai su suna ba, bayan shekaru sai aka ga abinda suke samu kusan daya ne, in ka cire yaran talakawa wadanda su kam babbar makaranta ta kara musu. A Amurka akayi kuma albashi kawai aka auna, amma dai ya nuna yaron ne ke tafiya da kokarinsa duk inda ya shiga.

Sake rubutawa ba laifi bane in shi yake so. In kai kake so shi kuma ya bi don kunyarka, shekara ce guda ta zaman gida yana kallon abokansa sun wuce, ga tsoron sake rasawa ya ninku. Garin Kota a Indiya ya shahara da makarantun lesin na masu neman likitanci da injiniyanci, kuma ya shahara da labaran dalibai masu kashe kansu, har a Janairun 2024 gwamnatin kasar ta fitar da ka'idar hana irin wadannan wurare daukar yaro kasa da shekara 16. Ba tsorata ka nake ba, matsi dai yana da iyaka. Ku je ku ga karamar jami'ar tare, ya ga sashen da idonsa, sannan ka tambaye shi wanne yake so kuma ka yi shiru har ya gama magana.

TAMBAYA: Anti ni dalibi ne shekarata 18. Duk ranar da zan shiga jarabawa sai kirjina ya dinga bugawa hannuna na rawa numfashi ya dinga sarke min kamar mutuwa zanyi, abinda na karanta duk ya gudu. Ban fada wa kowa ba kar ace ragwanta ce. Saura wata daya jarabawar shiga jami'a. Ya zanyi?

AMSA: Kanina ba ragwanta bace, kuma kuna da yawa, kowa dai boyewa yake kamar kai. Alamun da ka lissafa sun yi kama da farmakin fargaba, jiki ne ke daukar jarabawa a matsayin hatsari sai ya saki sinadarin gudu ko fada, yawanci cikin minti goma yake kai karshen karfinsa sannan ya fara sauka da kansa. Amma ka fara ganin likita a satin nan ya duba zuciya da jini da halittar nan ta gaban wuya da ake kira thyroid, don karancin jini da matsalar thyroid din suma suna sa bugun kirji, kuma in fargabar ce akwai masu koyar da yadda ake shawo kanta ta hanyar zama da tattaunawa, ba lallai sai an sha magani ba.

Kafin nan kullum ka koyi ja da numfashi kana kirga hudu, ka sake shi a hankali kana kirga shida, tun yanzu da kake lafiya zaka saba ba sai a dakin jarabawa ba. Ka dinga yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka a zaune kan kujera kamar ranar gaske. Kofi da lemukan kara kuzari ka ajiye su, kara bugun suke, kwayar hana barci kuwa ko wa ya baka kar ka karba. In abin ya taso a ciki ka ajiye biro ko ka dauke hannu daga kwamfutar minti biyu kayi numfashin, ka fara da tambayar da kafi sani. Sannan ka zabi mutum daya a gida ko malami daya ka fada masa yau, in bakin yayi nauyi ka mika masa shafin nan kace ya karanta tambaya ta uku.